Sha'awar Jirgin Ƙasa da Makomar Layin Kano zuwa Nguru

Gabatarwa

A cikin abubuwan da Turawa suka shigo da su ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda ya sauya zaman jama'a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci kamar jirgin ƙasa. Ya raya ƙauyuka suka zama garuruwa, ya dushe waɗansu tsofaffin kasuwanni ya ta da sababbi, ya kuma mai da gyaɗa ta zama kuɗin haraji da na aure da na zuwa Makka. Duk da haka, ba a cika samun wanda ya ɗauki jirgin kansa a matsayin abin nazari ko abin sha'awa ba. An ɗauke shi kamar jakin haya ne, in ya kai mutum inda za shi, to shi ke nan.

Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana wata ɗabi'a da ta kafu a waɗansu ƙasashe, watau sha'awar jirgin ƙasa da ƙungiyoyin masu wannan sha'awa. Za a nuna yadda abin ya faro, da irin aikin da ya yi wa tarihi. Sa'an nan za a juyo gida, a dubi layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa ƙasar Haɗeja ya tsaya a Nguru, domin a ga abin da irin wannan sha'awa za ta iya cetowa tun bai salwanta ba.

Ma'anar Sha'awar Jirgin Ƙasa

Mai sha'awar jirgin ƙasa shi ne mutumin da ba lalle ne ya kasance ma'aikacin reluwe ba, ba kuma lalle ne yana da wata tafiya a gabansa ba, amma yana jin daɗin ganin jirgi da sanin yadda yake aiki. Masu wannan hali iri-iri ne. Akwai waɗanda ke zuwa tasha da ɗan littafi suna rubuta lambar kowane kan jirgi da suka gani. Akwai masu ɗaukar hoto, da masu tara tsofaffin tikiti da jadawalin lokutan tashin jirage da taswirori. Akwai masu ƙera ƙananan jirage su shimfiɗa musu dogo a cikin ɗaki. Akwai kuma waɗanda abin ya yi nisa da su, har su haɗa kuɗi su sayi tsohon kan jirgi da aka yar, su gyara shi da hannunsu ya koma aiki.

Wanda bai saba ba zai iya ɗaukar wannan a kan wargi ne na waɗanda suka ƙoshi. Amma in aka duba da kyau, Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan ɗabi'a, sai dai abin da ake wa son ne ya bambanta. Mai son doki yakan bambance akawal da kili da bidi da danda tun daga nesa, ya san asalin dokin da mutanen da ya bi ta hannunsu, ko da kuwa shi bai mallaki ko jaki ba. Haka mai kiwon tattabaru yakan kashe yini guda yana magana a kan launinsu da tashinsu. Abin da ya haɗa waɗannan mutane da mai sha'awar jirgi shi ne kula da ƙananan abubuwa da sauran jama'a ba su damu da su ba, da kuma riƙe su a ka ko a takarda. Irin wannan kula kuwa ita ce tushen kowane ilmi.

Asalin Ƙungiyoyin

A Ingila aka fara jirgin ƙasa mai jan jama'a da ƙarfin tururi. An buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, na Liverpool zuwa Manchester kuma a 1830. Ba abin mamaki ba ne da ya zamana a can ne sha'awar ta fara samun tsari. An fara buga mujallar The Railway Magazine a 1897, aka kafa wata ƙungiya mai suna Railway Club a Landan a 1899, sa'an nan Stephenson Locomotive Society a 1909. A Amurka ma an kafa National Railway Historical Society a 1935. A farkon al'amari membobin irin waɗannan ƙungiyoyi manyan mutane ne, injiniyoyi da malaman makaranta da limaman coci da akawuna, sukan taru su saurari lacca, su yi musayar hotuna, su ziyarci ma'aikatun gyaran jirage.

Wanda ya kai abin ga yara shi ne wani matashin akawu mai suna Ian Allan, wanda ke aiki a ofishin kamfanin Southern Railway a tashar Waterloo ta Landan. Ya gaji da amsa wasiƙun mutane masu tambayar bayanin injunan kamfanin, sai a 1942 ya buga ɗan ƙaramin littafi da ya jera lambobinsu da ajinsu, ya sa masa kuɗi sule guda. Littafin ya ƙare nan da nan. Yara 'yan makaranta suka riƙa cika tashoshi, duk kan jirgin da suka gani sai su ja layi a ƙarƙashin lambarsa. Da aka fara kuka da cewa waɗansunsu suna hawa kan dogo suna jefa kansu cikin haɗari, sai aka kafa musu ƙungiya, aka shar'anta wa kowane memba ya yi alkawarin ba zai shiga harabar reluwe ba tare da izini ba. Wannan sharaɗi muhimmi ne, za a kuma dawo kansa nan gaba.

Daga baya sha'awar ta bazu a duniya. A Japan, inda aka fara jirgin nan mai tsananin gudu a 1964, masu ɗaukar hoton jirage da masu tara hatimin tashoshi suna da yawan gaske. A Indiya an buɗe gidan tarihin reluwe a Delhi a 1977. Kenya ta riga ta, domin ta buɗe nata a Nairobi tun 1971.

Abin da Ƙungiyoyin Suka Ceto

Amfanin waɗannan mutane bai fito fili ba sai lokacin da gwamnatoci da kamfanoni suka fara juya wa jirgin ƙasa baya saboda mota. Misalai uku sun isa.

Na farko shi ne ɗan layin Talyllyn a ƙasar Wales, wanda tsawonsa bai wuce mil 7 da 'yan kai ba, aka kuma gina shi domin jigilar duwatsun rufin ɗaki. Da mai shi ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka layin ya mutu ke nan. Sai wani marubuci kuma injiniya mai suna Tom Rolt ya tara masu sha'awa, suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin, suka ta da jirgi a watan Mayu na 1951. Shi ne layi na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto suka ci gaba da tafiyar da shi, kuma har yanzu yana aiki.

Na biyu, hukumar reluwe ta Ingila ta daina aiki da injunan tururi a manyan layukanta a 1968, ta sayar da dubbansu ga masu yanka ƙarfe. Wani kamfanin tsofaffin ƙarafa a garin Barry ya sayi kusan 300, amma ya jinkirta yanka su domin yana da taragai masu sauƙin yankawa. Cikin wannan jinkiri ƙungiyoyi suka riƙa tara kuɗi suna fansar su ɗaya bayan ɗaya, har suka fitar da 213. Da yawa daga cikin injunan da ake gani yau suna jan masu yawon buɗe ido a Ingila daga wannan juji aka kwaso su.

Na uku ya fi kusa da gida. Ƙasar Saliyo ta rufe reluwenta gaba ɗaya a 1974. Waɗansu injuna da taragai suka saura a kulle cikin tsohuwar ma'aikatar gyara ta Cline Town a birnin Freetown, har suka tsira daga yaƙin basasar ƙasar. Bayan yaƙi, tsofaffin ma'aikatan reluwe da waɗansu masu sha'awa suka share su suka yi musu fenti, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi a 2005. A cikin kayan har da taragon da aka tanada domin ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961.

Darasin da ke cikin misalan nan guda ne. Hukuma takan dubi tsohon kan jirgi ta ga nauyin ƙarfe da kuɗin da zai kawo. Sai wanda ya san lambarsa da shekarar da aka ƙera shi da layin da ya yi aiki a kai ne zai ga abin da ya wuce haka, shi ne kuma zai tashi tsaye in an zo yanka shi.

Zuwan Dogo Ƙasar Haɗeja

Layin dogo na farko a Nijeriya ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa an fara gina wani layin daga Baro, a bakin Kogin Kwara, a 1907, ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Turawa sun yi zaton auduga ce za ta cika taragai, amma manoman ƙasar Kano da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi riba, tana kuma iya zama abinci in damina ta gaza. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta riƙa tararwa a tashar Kano fiye da yadda jirgi ke iya kwashewa.

Neman ƙarin gyaɗa da sauran kayan gona ne ya sa aka miƙa rassa biyu zuwa can arewa a ƙarshen shekarun 1920. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano ya nufi gabas maso arewa, ya bi Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Watau shekara 24 ke nan kacal bayan yaƙin da Haɗeja ta yi da Turawa a 1906, wanda a cikinsa Sarki Muhammadu da manyan mayaƙansa suka kwanta dama. Akwai mutanen da suka ga wannan yaƙi da idonsu, suka kuma ji kukan jirgi na farko da kunnensu.

Duk wanda ya dubi taswira zai lura da cewa layin bai shiga birnin Haɗeja ba, bai kuma sauka cikin fadama ba. Ya bi tudun da ke arewa da Kogin Haɗeja ne. Dogo yana bukatar ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya kwanciya a kai, ƙasar Kirikasamma da Guri kuwa ambaliya ce rayuwarta, da ita ake noman shinkafa, da ita ake su, da ita makiyaya ke samun ciyawar rani. Saboda haka tashar Haɗeja ta zama Malam Madori, wadda ta bunƙasa da kantunan kamfanoni da sikelin awon gyaɗa da 'yan baranda da 'yan dako, har aka riƙa gina dalar gyaɗa a can kamar yadda ake yi a Kano. Babbar dala takan ci buhu har 15,000. Mutumin Kirikasamma da ke son shiga jirgi sai ya fito daga fadama, a kan jaki ko a ƙafa ko ta kwale-kwale, ya nufi Malam Madori ko Birniwa.

Akwai wani abin lura a cikin harshe kansa. Kalmar jirgi ta riga Turawa zuwa, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ake shiga a ƙetare ruwa. Da sabon abu ya zo, sai Hausawa suka ara masa sunan, suka ce jirgin ƙasa, daga baya kuma jirgin sama. A fadamar Haɗeja, inda jirgin fito yake aiki har gobe, ana iya ganin kakan kalmar da jikanta a yini guda.

A Nguru, ƙarshen layi, kaya sukan taru daga ƙasar Bade da Manga da Barno da kuma Jamhuriyar Nijar: gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da kanwa da shanu da busasshen nama da bandar kifi. Jirgi ya kwashe su ya yi kudu, ya komo da goro da gishiri da kananzir da yadi, da kuma baƙi daga ko'ina a Nijeriya waɗanda suka zauna suka hayayyafa a unguwannin da ke kewaye da tashoshi.

Abin da Mai Sha'awa Zai Gani

Wanda ya horar da idonsa zai karanta tarihi mai yawa a tsohuwar tasha ko da babu jirgi a cikinta. Abu na farko shi ne faɗin dogo. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na tsofaffin layukan Nijeriya ƙafa 3 ce da inci 6, watau milimita 1,067. An zaɓi wannan ne domin ya fi arha wajen gini, ya kuma fi sauƙin shan kwana. Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Ibadan na 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Ma'anar wannan ita ce sabon jirgi ba zai iya hawa tsohon dogo ba, tsoho ma ba zai hau sabo ba.

Abu na biyu, a gefen ƙarfen dogo akan sami rubutu a zube tun daga maƙera, mai nuna kamfanin da ya yi shi da shekarar da aka yi shi. Haka kowane kan jirgi yana ɗauke da ɗan allon ƙarfe mai sunan maƙerinsa da lambarsa. Wanda ya bi layi yana kwafe waɗannan zai iya sanin wuraren da aka taɓa sabuntawa da waɗanda suke nan tun zamanin Turawa.

Abu na uku shi ne ruwa. Injin tururi tukunya ce babba a kan ƙafafu. Ana hura wutar kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, inda aka kai dogo daga Fatakwal a 1916. Ruwa kuwa dole a sha shi a hanya, shi ya sa aka kafa manyan tankuna a tashoshi, kuma samun ruwan a ƙasa mai dogon rani aiki ne babba. Wannan wahala tana cikin abin da ya sa aka karɓi injunan dizal hannu bibbiyu da suka fara zuwa a tsakiyar shekarun 1950. Masu sha'awa suna rarrabe injunan tururi ta lissafin ƙafafunsu. In an ce 2-8-2, ana nufin ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 masu ja a tsakiya, da ƙanana 2 a baya. Irin wannan tsari ne da wani ajin injuna da aka ƙero wa Nijeriya daga Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka raɗa wa kowannensu sunan wani kogi na ƙasar nan.

Abu na huɗu shi ne dabarar hana karo. Layin Nguru dogo ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi, sai a tasha ne ake da inda za su kauce wa juna. A irin wannan layi, tsarin da Ingilishi suka yaɗa shi ne a miƙa wa direba wata alama ta ƙarfe kafin ya bar tasha, ba kuma za a iya fitar da wata alamar ba sai ya miƙa tasa a tasha ta gaba. Mutanen da suka yi wannan aiki da hannunsu, da masu juya dogo da masu hura wuta da masu bin layi a ƙafa suna duba ƙusoshi, su ne ɗakin karatu na gaskiya, kuma kullum raguwa suke yi.

Yadda Layin Ya Ja Baya

An mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta a 1955. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai abin ya fara gangara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin gabas. Kuɗin man fetur ya tafi ga gina titunan mota, manyan motoci suka ƙwace kaya domin sukan kai su har ƙofar gida. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala, aka kuma soke hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka ga ɗan sauƙi, amma bai ɗore ba. Ita ma fadama ta sami nata rabon, domin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa, kacalla kuma ta toshe magudanai da dama.

Tun daga lokacin, zirga-zirgar jirgi tsakanin Kano da Nguru ta yi ta tsayawa tana farfaɗowa. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, an tsara shi ne ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Bai biyo ta ƙasar Haɗeja ba. Tsohon layi da ba a kula da shi kuwa yana da maƙiya uku: tsatsa, da masu cin filin reluwe da gini, da masu kwance ƙarfe su sayar. Abin da waɗannan suka ci ba ya dawowa.

Sukar da Ake Iya Yi

Wani zai ce, me zai sa a yi ɗokin abin da 'yan mulkin mallaka suka gina domin kwashe arzikin ƙasa? Wannan magana tana da tushe. An shimfiɗa layukan ne daga gona da ma'adinai zuwa bakin teku, kuma wajen ginin layin Baro zuwa Kano an tara leburori ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Amma wannan hujja ce ta a adana, domin dogon shi ne shaidar wahalar da kakanni suka sha. Har ila yau, daga cikin ma'aikatan reluwe ne aka sami shugabannin ƙwadago irin su Michael Imoudu, wanda ya yi fice a babban yajin aiki na 1945, wanda ya girgiza gwamnatin Turawa. In aka bar ƙarfen ya tafi wurin masu narkarwa, aka bar tsofaffin suka tafi kushewa da labarinsu, abin da zai saura shi ne rahotannin da Turawa suka rubuta da kansu.

Wani kuma zai ce talaka yana fama da abin sawa a baki, ina shi ina kallon jirgi? Gaskiya ne ba za a kwaikwayi Ingila a sayi kan jirgi a gyara ba, domin wannan yana cin dukiya mai yawa. Amma mafi yawan aikin ba ya bukatar fiye da littafi da alƙalami da wayar hannu mai ɗaukar hoto da murya. Mutanen Kirikasamma ma sun riga sun ga amfanin irin wannan hali a ƙofar gidansu. Masu sha'awar tsuntsaye da ke zuwa dajin Baturiya da tabarau mai hangen nesa suna ƙirga agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai, ƙidayarsu tana cikin abin da ya jawo hankalin duniya ga fadamar, har aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Aikin da Ke Gaba

Nijeriya ba ta rasa masu farawa ba. A Ebute Metta ta Ikko, wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan reluwe ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Ana kiransa Jaekel House, domin tunawa da Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin hukumar da ya rubuta tarihinta cikin juzu'i uku. A gidan tarihi na Jos akwai kayan ƙaramin layin nan na Zariya zuwa Jos, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Abin da ake bukata shi ne a yi wa layin Nguru makamancin wannan gata.

Ƙungiyar da ɗalibai za su kafa a Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, tana iya fara da abubuwa huɗu. Na farko, ta ɗauki muryar tsofaffin ma'aikata da 'yan dako da matan da suka sayar da abinci a tasha, a rubuta sunan mai magana da wuri da rana. Wannan shi ya fi gaggawa. Na biyu, ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki hoton gine-gine da tankuna da gadoji da allunan suna, ta auna ta rubuta halin da suke ciki. Na uku, ta nemi tsofaffin tikiti da rasit da hotuna da ke cikin adakar gidaje, ta kwafe su ta mayar wa masu su. Na huɗu, ta gwada abin da ta ji a baki da takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, domin tunanin ɗan'adam yakan haɗa shekara da shekara.

A nan ne za a tuna da alkawarin da aka sa yaran Ingila suka yi. Harabar reluwe tana da mai ita, kuma tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, jami'an tsaro suna da dalilin zargin baƙon da suka gani yana ɗaukar hoton dogo. Lalle ne a sami takardar izini daga hukumar reluwe, a gaida hakimi da dagaci, a sanar da 'yan sanda, kada kuma a ɗauke ko ƙusa ɗaya da sunan adanawa.

Ma'aikatan gwamnati su ma suna da nasu kason. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta Gwamnatin Tarayya ce ita kaɗai. Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin sa gini cikin jerin abubuwan da doka ta kare, amma sai an gabatar mata da bayani a rubuce. Jami'in ƙasa da safiyo da ya ƙi sa hannu a kan takardar da za ta cinye filin tasha, da malamin da ya kai 'yan ajinsa Malam Madori su ga inda aka yi dala, duk sun yi aikin da 'yan Talyllyn suka yi, gwargwadon halinsu.

Kammalawa

An ga cewa sha'awar jirgin ƙasa ta fara ne da kallo da rubuta lamba, ta ƙare da ceton layuka da injuna da takardun da hukumomi suka riga suka sallama. An kuma ga cewa ƙasar Haɗeja tana da layin da zai cika shekara ɗari a 2030, wanda ya ɗauki gyaɗarta da kifinta da 'ya'yanta zuwa sassan Nijeriya, wanda kuma sabon tsarin dogo bai waiwaye shi ba tukuna. Ko jirgi zai dawo da ƙarfinsa a wannan hanya, al'amari ne na kuɗi da siyasa. Amma rubuta tarihin layin ba ya jiran kasafin kowa, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ɗalibai goma suka raba tashoshin da ke tsakanin Ringim da Nguru a hutun zango guda, za a kai shekarar 2030 da littafin da za a nuna wa na baya.